TSARKI DABAN, CUTARWA DABAN: MAS'ALAR HANNU A KASUWA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci abin da ido yake gani da abin da ba ya gani, Ya kuma sanya wa kowane al'amari sababi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, ga wata mas'ala wadda ba a cika kawo ta a zauren karatu ba, alhali kuwa kowace ranar kasuwa sai mun faɗa cikinta. Mahauci ya karɓi kuɗi ya sa aljihu, ya mayar da hannun nan cikin nama. Mai fura ta share wa goyonta majina, ta ɗauki ludayi ta ci gaba da damu. Mai saye ya zo ya tsoma hannu cikin gari ya murza, ya ɗanɗana, ya ce bai yi masa ba, ya wuce gaba. Wani bawan Allah ya sayi abin nan ya kai gida, yaronsa ya kwana yana amai da zawo, bayan kwana biyu aka sallace shi. A cikin mutanen nan duka babu wanda ya yi nufin sharri, babu kuma wanda ya ga wani abu a hannunsa. To, shin akwai alhaki a wuyan wani, ko kuwa sai a ce kwana ne ya ƙare, a yi gaisuwa a watse?

Wannan ba mas'alar ƙaddarawa ba ce irin wadda ɗalibai suke yi don wasa ƙwaƙwalwa. A farkon watan Yuli na shekarar 2018 aka kawo marasa lafiya daga Jibiya ta jihar Katsina zuwa gidan likita na Inyalwa, cikin gundumar Madarunfa, aka tarar kwalara ce. Kafin farkon watan Oktoba na wannan shekara an ƙidaya fiye da mutum 3,600 da suka kamu, mutum 68 suka riga mu gidan gaskiya, cutar kuma ta taɓa jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram da Doso. A shekarar 2021 ta sake dawowa, ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar Nijar, ta kashe fiye da 150, jiharmu ta Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Mu nan Tagriss kada nisa ya ruɗe mu. Motar da ta kawo mana sukari da leda da tumatir daga Maraɗi ta bi ta Kornaka da Dakoro, ita ce take kawo mutane da hannuwansu da kuɗinsu, kuma kasuwa ita ce inda manomi da makiyayi da baƙo suke haɗuwa a kan moɗa guda. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake shafa wa naka.

Babbar hujjar da ake kawowa, ba daga jahilai take fitowa ba. Daga masu ɗan karatu take fitowa, shi ya sa ta cancanci amsa. Sai mutum ya ce: “Malam, ai mun karanta a Ishmawi da Iziyya cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya ba. Mun kuma ji a Mukhtasar cewa duk mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da yawunsa da majinarsa. Hannuna ba najasa a kansa, da shi nake alwala, da shi nake salla. Abin da shari'a ta ce mai tsarki ne, wane ne likita da zai ce ƙazanta ne?”

Maganarsa ta farko gaskiya ce, amma inda ya kai ta ba nan ne wurinta ba. Malaman fiƙihu da suka yi bayanin ruwa da najasa, tambaya guda suke amsawa, watau da me salla take inganta. Allah cikin rahamarSa Ya rataya wannan hukunci a kan abin da kowa yake iya ganewa da ido da harshe da hanci, domin makiyayi a bakin rijiya ya san hukuncin alwalarsa ba tare da ya nemi kowa ba. Wannan shi ne babin tsarki. Akwai kuma wani babi daban, shi ne babin cutarwa, kuma ma'auninsa daban ne. Dubi guba. Ganyen da yake kashe raƙumi ba najasa ba ne, wanda ya yi salla da shi a aljihu sallarsa ta yi, amma wanda ya jiƙa shi ya shayar da ɗan'uwansa ya yi kisan kai. Haka majina: in ta taɓa riga ba a sake salla, amma majinar mai tarin fuka tana ɗauke da abin da zai kwantar da gida guda. Saboda haka abu yana iya zama mai tsarki a babin ibada, ya zama haramun ne a miƙa shi ga mutane a babin mu'amala. Ƙa'idar da ta hana cutarwa da ramuwar cutarwa tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, Imamu Nawawi kuma ya sanya ta ta 32 a cikin Arba'una, kuma ba ta keɓance cutar da ido yake gani ba.

Bal ma a cikin babin tsarkin kansa malamai ba su ce ido shi ne iyaka ba. Ibnu Abi Zaid a cikin Risala ya tafi a kan cewa ruwa kaɗan, najasa kaɗan tana ɓata shi ko da ba ta sauya komai a cikinsa ba, duk da cewa mashhurin mazhaba shi ne karhancin amfani da shi idan akwai waninsa. Ga kuma hadisin Abu Huraira da yake cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci wanda ya tashi daga barci ya wanke hannunsa kafin ya tsoma shi cikin ƙwaryar ruwa, ya kuma ba da dalili da cewa mutum bai san inda hannunsa ya kwana ba. Ka lura da dalilin, ya ɗan'uwa. Rashin sanin inda hannu ya je shi ne aka mayar sababin wankewa. To, wanda ya kwana a shimfiɗarsa ke nan. Ina ga hannun da ya wuni a kasuwa, ya yi musabaha da mutum ɗari, ya riƙe igiyar akuya, ya ɗauki butar kewaye, ya ƙirga takardun kuɗin da Allah kaɗai Ya san aljihu nawa suka ratsa?

Abin da ilmin likita ya ƙara mana shi ne ya buɗe mana abin da hannun yake ɗaukowa. Da madubin likita aka ga waɗansu halittu ƙanana ƙwarai, waɗanda dubbansu suke iya taruwa a bakin allura, su ne ƙwayoyin cuta. Wani likita Bajamushe mai suna Robert Koch ya bi ƙwayar kwalara a Masar a 1883, sa'an nan a Kalkata ta ƙasar Indiya a 1884, har ya tabbatar da ita. Hanyarta kuwa, a yi mini afuwa, daga bayan gida ne zuwa baki: ta shiga ruwa ko abinci, ko ta hau yatsa ko ƙafar ƙuda. Hanyar zazzaɓin taifot ke nan, da mafi yawan zawon da yake rama 'ya'yanmu da damina. Abin da ya fi dacewa da mas'alarmu shi ne, mafi yawan waɗanda ƙwayar kwalara ta shiga cikinsu ba sa jin ciwon komai, amma suna zubar da ita kwanaki. Ke nan wanda ya raba ta a kasuwa yana iya zama mutum ne lafiyayye, mai fara'a, mai sahun farko.

Gaskiya ta wajaba a faɗa a nan, ko da za ta rage wa magana armashi. Ba kowace cuta ce take bin hannu ba. A shekarar 2020, lokacin korona, an tsorata mutane da ƙofa da tebur da takardar kuɗi, daga baya bincike ya nuna cewa ita mafi yawa ta numfashi take bi, rabon abin da aka taɓa kaɗan ne. Ita ma ƙwayar kwalara ba ta jure rana da bushewa da wuta. Inda take samun mafaka shi ne wuri mai laima: ruwan randa, da fura da nono, da ganyen da ake ci ɗanye, da abincin da ya huce a buɗe, da tsumman da ake goge tebur da shi tun safe. Saboda haka ba muna kiran mutane zuwa ga tsoron kowane ƙarfe da kowane katako ba ne. Wannan waswasi ne, waswasi kuwa cuta ce mai zaman kanta. Wurin haɗarin ƙunci ne, sananne: tsakanin kewaye da hannu, da tsakanin hannu da abin da za a haɗiye.

Hujja ta biyu ta fi ta farko tsufa. Ana cewa ai hadisi ya kore ɗaukar cuta, kuma wanda Allah bai nufa ba babu abin da zai same shi. Babu Musulmin da yake jayayya da ƙarshen maganar. Amma Annabin da aka ruwaito wancan daga gare shi, shi ne ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gangaro da su mashaya tare da masu lafiya, kuma duka biyun suna cikin Buhari da Muslim. Malamai sun haɗa su da cewa abin da aka kore shi ne aƙidar Jahiliyya ta cewa cuta tana tafiya da ikon kanta, abin da aka tabbatar kuwa shi ne Allah Ya sanya cuɗanya ta zama sababi, kamar yadda Ya sanya wuta sababin ƙuna. Makiyayanmu ba sa bukatar sharhi a nan. Ban taɓa jin Bafillace ko Buzu ya ga garke mai ciwon huhu a bakin rijiya ya kora shanunsa ciki da sunan tawakkali ba. Sayyidina Umar ma, da ya kai Sargu ya ji annoba ta sauka a Sham, ya yi shawara ya juya da jama'a, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya amsa masa da misalin kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ka kai raƙumanka da ƙaddarar Allah ka kai su. Abin mamaki shi ne mu yarda da sababi a kan saniya, mu musanta shi a kan yaro.

Kada kuma wani ya ce wannan duk koyarwar Turawa ce. Lisanuddini Ibnul Khaɗib, wazirin Garnaɗa a Andalus, ƙasar Malikawa irinmu, ya ga babbar annobar shekarar 749 ta Hijira, watau 1348, ya rubuta cewa gwaji da lura sun tabbatar cuta tana bin tufa da ƙwarya, har da ɗan kunne. Tun kafin shi, Yahaya bin Umar, almajirin Sahnunu, wanda ya rasu a 289 ta Hijira, ya bar littafin Ahkamus Suƙ a kan hukunce-hukuncen kasuwa. Shaizari kuwa, wanda ya yi zamani da Salahuddini, a cikin Nihayatur Rutba ya shar'anta wa mai kwaɓa burodi ya rufe bakinsa da hancinsa don kada atishawa ko magana ta jefa yawu cikin ƙullu, ya ɗaure goshinsa da ƙyalle don kada gumi ya ɗiga, a kuma tsayar masa da mai korar ƙuda. Shi ma ya san gumi da yawu ba najasa ba ne. Bai ga ƙwayar cuta ba, amma ya san cewa abin da za a sayar wa Musulmi amana ne, kuma mai hisba yana da ikon ya hukunta wanda ya yi wasa da shi.

To, mu koma ga tambayar. Amsar da nake ganin ta fi kusa da daidai ita ce alhaki yana bin sani da iko. Kakanninmu da ba su san hanyar cutar ba, babu laifi a kansu. Amma mu an faɗa mana a rediyo, ma'aikatan lafiya sun faɗa, mun kuma binne mutane. Wanda ya sani, yana da ikon ya wanke, ya ƙi don ganda ko don rowar ɗan sabulu, wannan ya yi sakaci da haƙƙin mutane, ko da bai nufi kowa ba. Lalle alƙali ba zai iya ɗora masa diyya ba, domin babu shaidar da za ta ce daga wannan hannu ne cutar ta fito. Wannan ba sauƙi ba ne a gare shi, ya 'yan'uwa, tsanani ne. Wanda ya tauye mudu yana iya neman mai haƙƙi ya biya shi tun a duniya. Wanda ya raba cuta a kasuwa kuwa bai san gidan da ta shiga ba, balle ya je neman gafara, sai ranar da za a buɗe littattafai. Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tulin ya ji laima a ƙasa, ya tuhume shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma kuɓutar da kansa daga mai algus. Aibin da aka ɓoye a nan yana rage wa mai saye 'yan daloli ne kawai. Furar da aka dama da ruwan tabki, aka rufe da farin faifai, aibinta ya fi wancan ɓoyuwa, kuma abin da take ragewa ya fi dala tsada.

Sau da yawa idan aka yi irin wannan wa'azi sai a tattara laifi a kan mai talla da mahauci, masu saye su tashi suna gyaɗa kai. Wannan rashin adalci ne. Mai sayen da ya latsa tsire biyar kafin ya zaɓi ɗaya, da wanda ya lasa yatsa yana ƙirga kuɗi sa'an nan ya tsoma shi cikin ƙuli-ƙuli, da wanda ya sha ruwa a randar kasuwa ya mayar da moɗar ciki da yatsunsa a nutse, da wanda ya zaga bayan rumfa ya biya bukatarsa inda ruwan sama zai kwaso ya kawo, alhali hadisi ya ambaci la'ana game da yin haka a hanyar mutane da inuwarsu, duk waɗannan abokan tarayya ne. Haka kuma duk wanda yake karɓar harajin rumfa ranar kasuwa, a ko'ina yake, mutane suna binsa bashin kewaye da wurin wanke hannu. Ba a cewa yarinya 'yar shekara goma ta tsare tsabta a kasuwar da babu inda za ta zaga.

Na san za a ce ruwa. Wanda bai taɓa jan wasaki a rijiyoyin ƙasar Dakoro da bazara ba, yana da sauƙin baki a kan wanke hannu. Uzuri ne na gaskiya, Allah kuma ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma a auna uzurin da mudunsa. Buta guda, in ana zubawa a hankali, tana wanke hannun mutane da yawa, kuma mu mutane ne da aka koya mana alwala da mudun-nabi. Sabulu yana narkar da maiƙon da ƙwayoyin suke manne a ciki, a cuɗa har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce gwargwadon ƙirga 20 a natse. Inda babu sabulu, toka mai tsabta ta fi ruwa zalla. Binciken likitoci ya nuna wanke hannu da sabulu yana rage zawo da kusan kashi ɗaya cikin uku. Abin da ba shi da amfani shi ne al'adarmu ta ajiye kwano guda kowa ya tsoma hannu kafin a ci tuwo, domin na ƙarshe yana wanka ne da dauɗar na farko, kuma tsomawar nan ita ce hadisin ya hana. Cin abinci a akushi guda albarka ne, kada a bari. A zuba wa juna ruwa daga buta kawai, ya zube a ƙasa.

Akwai abin da ya kamata mu yi wa kanmu hisabi a kansa. A 2020 an rufe masallatai a ƙasar nan, aka buɗe su a watan Mayu da sharaɗin tsabta, aka ga bokitai masu famfo da sabulu a ƙofar masallatai da kantuna da kasuwanni. Da tsoro ya wuce, a wurare da yawa bokitan suka koma na jiƙa wanki, kafin shekara ta zagayo kuma kwalara ta shigo, ita da wanke hannun ya fi yi wa magani. Wannan ya nuna an yi abin ne don idon hukuma, aikin da aka yi don ido kuwa yana mutuwa da ɗauke idon. Wanda ya wanke hannunsa a bayan rumfa, inda babu mai ganinsa, da niyyar kada ya cuci Musulmin da bai sani ba, wannan yana cikin ibada, kuma ina kyautata zaton ladansa ya fi na nafilfili da yawa, domin kare rai yana cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsare su.

Mu ma'abota masallatai ba mu da bakin yi wa kasuwa wa'azi sai mun dubi ƙofarmu. Randar sadaka da take bakin masallaci, wa yake wanke ta, kuma yaushe? Muslim ya ruwaito daga Jabir umurnin rufe ƙwarya da ɗaure bakin salka, aka kuma ambaci annoba a cikin dalilin. To, a yi wa randar murfi, a rataya mata ludayi mai dogon hannu na ɗiba, moɗar sha ta zama daban, kada ta koma ciki. Butocin kewaye a ware su daga na shan ruwa, a ajiye sabulu ko toka a bakin kewayen. Wanda Allah Ya hore wa, ya san cewa jika guda ta sabulu ko ta ƙwayar tsabtace ruwa da ya ajiye wa ladan sadaka ce mai gudana muddin ana amfani da ita. Wanda kuma zawo ya kama shi ko ya kama wani a gidansa, ya dakata da tallar abinci har ya warke, maƙwabta su ɗauke masa cefanen kwanakin, a kuma gaggauta kai marar lafiya gidan likita ana ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya, domin kwalara tana iya ƙarar da ruwan jikin babban mutum cikin sa'o'i kaɗan.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.